Taimako jama'a, na ƙona amfilifayar Yaya ranar suna kuma Juma'a zan mayar

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin kayan sauti ku zo ku cece ni, kwana biyu kenan ban yi barcin kirki ba. Shekaranjiya Asabar akayi sunan ɗana a nan Agege, to uwargida tace ita dai ko yaya ne sai an sa wa ƙawayenta sauti da yamma a tsakar gida, ni kuma bayan rago da shinkafa banda kuɗin hayar DJ, sai na tafi Idi Araba wajen yayana na aro amfilifayarsa, wato injin ƙara sauti, irin tsohuwar nan baƙa mai nauyin tsiya da ya saya a kasuwar Alaba tun kafin yayi aure, wlh ji yake da ita kamar ƙwai, da ƙyar ya bani sai da na rantse. Ya haɗo ni da sifikunsa biyu. Da na zo gida naga kamar biyu ba za su cika tsakar gidan ba sai na ƙaro nawa guda biyu na tsohuwar hom tiyata da DVD ɗinta ya mutu, na murɗe wayoyin bibbiyu na cusa a rami ɗaya. Tayi ta aiki lafiya kusan awa ɗaya mata har sun fara rawa, sai ƙanwar matata tace sifikar bakin ƙofa tana ɗaukewa tana dawowa, na zagaya baya ban kashe ba na kama wayar zan ƙara tura ta ciki, kawai naga tartsatsi naji ɗas, komai yayi tsit, sai ƙauri. Na kwance murfi naga fiyus ya yanke, wani maƙwabcina yace a naɗa masa takardar kwalin sigari mai ƙyallin nan, muka naɗa muka kunna, sifikar hagu tayi wani irin buuuu, takardar bakinta ta turo waje ta tsaya cak, hayaƙi ya fara fitowa ta saman injin nayi maza na zare. Yaya bai sani ba, yace Juma'a in kawo masa kayansa. Me ya ƙone? Zata gyaru kuwa?

Mai Shayi Obalende:
Wa alaikassalam. Allah ya raya mana, Allah yasa mahaddaci ne. Amma kai ma dai, takardar sigari a fiyus?? wannan maƙwabcin naka ka bincika ko kana binsa bashi hhhh

Baban Ilham:
Tsautsayi ne kawai baya wuce ranarsa. Ka kai wa mai gyara, in ta tashi ka goge ta ka mayar masa, shiru kake ji.

Injiniya Alaba:
Barka da suna ƙanina. Da farko kar ka sake jona ta a wuta, kuma kar ka gwada ta da wata sifika wai ka gani ko tana aiki, duk wadda ka jona mata yanzu ita ma tafiya zata yi. Juya bayan sifikun naka ka karanta min lambar da ke kusa da wata alama mai kamar kofaton doki, haka na yayanka. Bayan injin ma kusa da inda wayoyi ke shiga akwai rubutu. Kuma wutar gari ce ko janareta?

Ɗan Agege:
Oga na duba. Nawa an rubuta 3, na Yaya 8. Bayan injin kuma an sa 8 zuwa 16. Wutar gari ce, ranar ba a ɗauke ba har dare.

Injiniya Alaba:
To ai magana ta fito. Wannan lambar ita ce om, in tayi ƙasa sifikar ta fi zuƙar wuta daga amfilifaya. Injin yayanka ta rubuta maka ƙarara kar a bata ƙasa da 8, kai kuma ka ɗauko mai 3 wadda ko ita kaɗai ta fi ƙarfinta ka murɗe ta da mai 8 a rami ɗaya. Awa ɗayan nan da kake cewa lafiya, dahuwa take yi a ciki, da ka ɗora hannu a samanta da ka ji kamar murfin tukunya. Sifikun hom tiyata da yawansu 3 ne ko 4 saboda injin da suka zo da shi don su aka yi shi, mutane basa dubawa, DVD na mutuwa sai a kwashe sifikun a kai wa wata injin, kullum ina ganin wannan a shago. Amma abin da ya kayar da ita tartsatsin nan ne. Waya biyu ka cusa a ramin da akayi don ɗaya, dole silin wayar ya bazu kamar tsintsiya, kana taɓawa sili ɗaya na ja ya shafi na baƙi ko ƙarfen jikin injin, tiransistocin da ke fitar da sauti kuma dama sun yi zafi, ko ƙiftawar ido basa kaiwa. Sababbin injina akwai masu kashe kansu su rubuto maka furotek a gilashi, tsofaffin nan kuwa wasu fiyus ne kaɗai mai gadinsu. Mai gadi yayi aikinsa ya yanke don sauran kaya su tsira, ku kuma kuka sallame shi kuka sa takardar sigari. Buuu ɗin da kaji da takardar sifika da ta turo ta tsaya, wutar DC ce, wato irin ta batir mai tafiya gefe ɗaya, tsagwaronta ta bi ta cikin tiransistan da ya narke ta shiga sifika kai tsaye, irin injinan nan kuwa sai ka samu bolt 40 ko fiye a ciki. Ina tsoron sifikar hagu ta yayanka ma koyil ɗinta, wato siririyar wayar da aka naɗa a bayan takardar, ya gasu.

Ɗan Agege:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har da sifikar? ya zan gane Oga

Injiniya Alaba:
Cire ta daga jikin komai. Buɗe yatsunka ka danna takardar a hankali ta ko'ina daidai, in kaji tana karce kamar akwai yashi a ciki koyil ya kumbura. Ka sansana ma, ƙaurin koyil baya ɓuya. Sannan ciro batirin rimot ɗaya ka taɓa masa wayoyin biyu, lafiyayya zata yi ɓut ta motsa, in shiru to ta yanke. In kana da mita, mai 8 takan nuna wajen 6 da ɗan wani abu, kar ka ga 6 kace ta lalace, haka suke.

Malamin Fiziks Ikorodu:
Bari in ƙara lissafi a kan bayanin Injiniya, saboda masu cewa ai sifika sifika ce. Idan ka haɗa biyu a rami ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, lambar raguwa take yi. Ka ninka su, ka raba da jimlarsu. 8 sau 8 ya ba ka 64, raba da 16, 4 ke nan. Naka kuwa 8 sau 3 ne, 24, raba da 11, ko 2.2 bai cika ba. A ce injin tana turo bolt 20, a kan om 8 amfiya 2.5 za ta bayar, wat 50 ke nan, tana numfashi lafiya. A kan naka kuwa amfiya 9 ake nema a wajenta, kusan ninki huɗu. Dokar Ohm ce da muke koya wa 'yan sakandare, wani Bajamushe Georg Ohm ya wallafa ta tun 1827, amma sai yaro ya ci ta a jarrabawa ya je gida ya ƙona rediyon babansa.

DJ Mile 12:
Malam da Injiniya da girmanku da komai amma wannan duk boko ne. Ni shekara nawa ina biki daga Ketu har Ikorodu, wani lokacin sifika huɗu nake jonawa a gefe ɗaya tun la'asar har sha biyun dare ban taɓa ƙona inji don yawan sifika ba. Injin yayan nasa ce dai ta tsufa, tokumbo ce ta gama shan wahala a Turai aka kawo mana gawarta, ko baka taɓa ta ba dama ranarta ta zo. Kar ku ɗora wa bawan Allah laifi.

Injiniya Alaba:
DJ juya bayan taka injin ka karanta mana tukuna. Na san irin naku, fawa am ce mai fanka da ƙarfen sanyaya kamar lagireton mota, yawancinsu an rubuta suna ɗaukar 4 wasu har 2. Huɗu masu 8 a gefe ɗaya 2 kenan cif, a bakin rijiya kake rawa baka sani ba. Ka ɗauki kayan tirela ka ɗora wa keke Marwa mai ƙafa uku sannan kace Marwa ce ta tsufa? Kuma tsofaffin Japan ɗin da kake rainawa, su Pioneer su Kenwood su Technics na shekarun 80 da 90, ni su nafi so a kawo min don komai na ciki a fili yake, ka cire ka sa wani da dalma. Na yanzu ƙanana marasa nauyi wani ɗan baƙin abu ɗaya ne da ake kira ayisi kamar farcen yatsa, in ya tafi sai dai a canja allon gaba ɗaya in an samu.

DJ Mile 12:
To ni dai tawa bata ƙone ba. Amma in gaskiya ake so abin da ya fi cin min kuɗi tiwita ne, ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti. Akwai wani kamu a Ketu yarona ya zare jak daga miksa ya mayar alhali murya na sama, wani ƙaaa da ya fito sai da amarya ta toshe kunne, daga nan sauti ya koma kamar ana waƙa a cikin bargo, tiwita biyu sun tafi. Ga masu karɓar makirfo su je su tsaya gaban sifika suna yi wa ango kirari, tana kuka wiii suna ƙara matsawa.

Injiniya Alaba:
Yauwa a nan mun haɗu. Jak ɗin ja da fari ɗin nan tsinken tsakiya ke fara shiga kafin zoben waje ya kama, a ɗan tsakanin nan ne kake jin gurnanin, in murya na sama duk a kan sifika yake sauka. Shi yasa amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa. Kuma tiwita ba sai babbar inji ba, ƙaramar inji da aka murɗa har ƙarshe sauti ya fara tsagewa ita ma tana gasa shi, in jar fitilar gargaɗin nan ta kilif na ƙyaftawa a rage.

Baban Ilham:
Ni fa inaga ja da baƙin ya juya garin sauri. Tun muna yara ake ce mana in ka sa ja a gurbin baƙi take take ƙonewa.

Malamin Fiziks Ikorodu:
A'a Baban Ilham, wannan na batirin mota ne da rediyon mota, can kam in ka juya ka yi ɓarna. A wayar sifika juyawa ba ta ƙona komai. Abin da ke faruwa, in ka juya ɗaya ka bar ɗaya daidai, wannan na turo iska waccan na janyewa, sai bes ya cinye kansa, ka ji sautin ya zama fayau kuma muryar mawaƙi ba ta tsaya a tsakiya ba. Batirin nan da Injiniya ya faɗa shi ke raba gardama, in ka sa kan batirin mai ƙulu a wayar ja takardar ta turo waje to daidai ne, ka tabbata duka biyun waje suke turowa. Haɗuwar ja da baƙi ce ke kisa.

Injiniya Alaba:
Haka ne Malam. Sai dai in ƙara, kar wani yaji haka yaje ya haɗe baƙin hagu da baƙin dama wuri ɗaya wai don ya rage tsawon waya. A wasu injinan baƙaƙen a haɗe suke tun daga ciki ba komai, amma masu birij, wato waɗanda ɓangare biyu ke tura sifika ɗaya, da yawancin ƙananan nan na zamani da na mota baƙin ma wuta yake ɗauke da ita, kana haɗewa ka gama da ita.

Maman 'Yan Biyu:
Slm. Allah raya jariri, ya mai jego. Ni dariya ma nake don abin da ya faru a gidanmu a Ijora ya fi wannan. Maigidana ne wai shi mai dabara, ya gaji da murɗa waya duk lokacin da zan share falo sai ya sa wa wayar kowace sifika filogi mai baki biyu irin na fanka, ya ɗaura soket a bayan injin, in za a matsar sai a zare kawai. Wata rana ina kicin Hassan ya ga filogi a ƙasa, yaro ɗan shekara huɗu ya san duk filogi a ekstenshan yake zama, ya ɗauka ya cusa. Wlh ƙarar da naji na ɗauka tayar tirela ce ta fashe a titi, na fito da ludayi a hannu, falo duk hayaƙi, yaron ya manne a bango ko kuka ya kasa. Baba lanlod har ya sauko ba riga yana ta faɗa da Yarbanci. Allah ya tsare yaron ko ƙwarzane, sifika dai ta zama kujerar zaman Husaini.

Malamin Fiziks Ikorodu:
Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, a kan om 8 lissafi ya haura wat 6,000, a kan sifikar da wataƙila 50 aka yi ta ta ɗauka. Ku gode wa Allah koyil ya yanke da wuri bai kama labule ba.

Injiniya Alaba:
Hajiya ki gaida mana Oga kice Injiniya yace kar ya ƙara hhh. Wannan matsalar har Turawa ta dama, shi yasa in kun lura injinan da ake kawowa daga Turai ramin tsakiyar inda ake ɗaura wayar sifika a toshe yake da ɗan roba, saboda filogin sifika mai kamar ayaba yana shiga soket ɗinsu na bango daidai wa daida.

Mai Shayi Obalende:
Tunda kowa na tona asirin kansa nima bari in faɗi tawa. Wani kwastomana direba ne a Ikoyi, maigidansa zai tashi ya bashi inji da sifiku na Amurka, shi kuma ya sayar min da araha nace shikenan teburina zai fi na kowa a Obalende, masu indomi su ci suna jin sauti. Filoginta baki biyu ne fale-fale baya shiga soket, naje ƙarƙashin gada na sayo adafta na jona. Ko kunnawa ban gama ba naji fuuu kamar an zuba ruwa a mai, wani farin hayaƙi mai warin kifi ya fito, masu shan shayi suka watse wani har ya bar canjinsa. Ko waƙa ɗaya ban ji ba wlh, ko ɗaya.

Injiniya Alaba:
Allah sarki Mai Shayi, kondensa ce ta fashe maka, ɗan gwangwanin nan da ke ajiye wuta a cikin injin. Adafta baki kawai take canjawa bata rage wuta. Kayan Amurka 120 ne, na cikin gidan Japan 100, mu kuma 230, duk wanda ya sayi tokumbo ya fara karanta rubutun da ke kusa da inda igiyar wuta ta fito kafin ma ya tambayi kuɗi, musamman in yaga baki biyu fale-falen nan. In 110 ko 120 ce sai da sitef dawun mai rage wuta, kuma wanda wat ɗinsa ya ɗara na injin sosai, ba ɗan mitsitsin nan na cajin aska ba. Wasu sitabilaizoji suna da ramin 110 a baya, amma nan ma an sha kuka, mai shara ta zare ta mayar a ramin 220. Wasu injinan kuma akwai ɗan makunni a baya na zaɓen 110 ko 220, in ka saita shi ka liƙe shi da baƙin salatif saboda yara.

Ladanin Unguwa:
Assalamu alaikum. Ni ma na taɓa yin irin ta ɗan uwa, da amfilifayar masallaci. Walimar saukar 'yata na roƙi kwamiti suka ba ni aro, a bayanta akwai kusoshi a jere an rubuta COM, 4, 8, 16, 70V, 100V. Ni a tunanina 100 ta fi kowacce ƙara, sai na ɗaura sifikar falona a can. Malam na fara addu'a sifikar ta yi ƙara biyu ta mutu. Ashe wancan na lasifikan hasumiya ne masu ɗan tiransifoma a jikinsu, don a ja waya mai nisa. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Baban Ilham, shawarar da ka ba shi ta a gyara a yi shiru ba ta yi ba. Kayan aro amana ne, kuma shi da bakinsa ya ce bai kashe ba ya sa hannu, ya ƙara sifikun da mai kaya bai ba shi ba, ya sa takardar sigari. Wannan sakaci ne, gyara ya hau kansa, kuma mai kaya yana da haƙƙin ya san an buɗe masa inji. Ni ranar da na yi tawa, injin ba ta ma lalace ba sai da na faɗa wa kwamiti.

Baban Ilham:
Malam ba wai ha'inci nake koya masa ba, zumunci nake duba masa. In ta dawo tana aiki kamar da meye amfanin tayar da hankalin babban mutum? wani yayan akan rediyo sai ya shekara baya amsa gaisuwarka

Ɗan Agege:
Wlh Baban Ilham kamar ka san shi. Akan kaset ɗaya da na tsinka masa muna yara har yau in an zauna sai ya tayar.

Maman 'Yan Biyu:
Tsaya tukuna ƙanina. Wai matar yayan naka bata zo sunan ba ne?

Ɗan Agege:
Innalillahi

Ɗan Agege:
Ta zo. Ita ce ma ke riƙe da jaririn lokacin da hayaƙin ya tashi, har tana cewa a buɗe ƙofa

DJ Mile 12:
Hhhhhhh wayyo cikina. Mutumina kana nan kana ɓoye gawa ashe an riga an yi mata sallah

Maman 'Yan Biyu:
To ka kira shi yau ɗin nan kafin ka kwanta. Tun daren Asabar ya sani, jira kawai yake ya ga iya gudun ruwanka.

Injiniya Alaba:
Ka kira shi, sannan kaji yadda zaka yi da mai gyara, ko a Agege ne ko ina, ba sai ka zo wajena ba. Kar ka yarda a canja tiransista ɗaya a ce an gama, bibbiyu suke aiki, in ɗaya ya tafi a canja har abokinsa, a duba ƙananan da ke tura su da fararen rezistocin nan masu kamar alli da ke gefensu. Kace a baka tsofaffin da aka cire a leda. Ka tsaya a sayi kayan a gabanka don jabun tiransista sun cika kasuwa, lamba iri ɗaya amma cikin fanko, kwana biyu ya sake tashi da sifika. In zai kunna ta farko ya kunna ta da ƙwan fitila mai zare a layin wuta, in ƙwan ya haska ya ƙi dushewa akwai sauran matsala, duk mai gyaran da bashi da wannan ƙwan a teburinsa ɗauki kayanka ka tafi. Kafin ya jona sifika ya sa mita a bakin fitar sauti, ya kamata ya ga kusan sifili. Fiyus kuma a sa mai lamba irin ta wanda ya yanke. Kai kuma ka daina sa hannu a ciki, manyan kondensocin nan kamar gwangwanin madara suna riƙe wuta ko an zare. In Alaba zaka zo bi ta Iyana Ipaja ka ɓullo Igando zuwa Iyana Iba, ka fito da sassafe, ka rungume ta a cinya kar ka bari kwandasta ya jefa ta a but.

Ɗan Agege:
Jama'a na dawo, yau Alhamis. Na kira Yaya daren Litinin ɗin, ina ta kame-kame yace ai yana jira ne ya ga ko sai Juma'a zan kawo masa labarin ɓera ya ci waya. Yayi faɗa kam, har kaset ɗin sai da ya shigo ciki, amma yace tunda na faɗa da kaina in gyara injin shi zai ji da sifika. Jiya na kai ta. Tiransista biyu manya na hagu, ƙarami ɗaya, rezisto biyu, da wani layi a jikin allon da ya ƙone aka ɗinke shi da waya, tiransifoma Allah ya tsare. Dubu 21 har kuɗin aiki, banda kuɗin mota da gosulon da na sha a Igando da ita a cinya kamar jaririn. Ya kunna da ƙwan fitila kamar yadda Oga yace, ya haska ya dushe. Sifikar hagu kuwa ta gasu, an bayar a naɗa mata sabon koyil. Amma ga abin da ya bani dariya, injin fiyus biyu gare ta, da mai gyaran ya ciro ɗayan na can ciki sai gashi an naɗe shi da silin waya har yayi tsatsa, yace wannan ya shekara biyar a haka ko fiye. Na ɗauki hoto.

DJ Mile 12:
Ba na faɗa muku ba!! dama can gawa ce, ashe Yaya ma ɗan hannu ne. Injiniya a bani haƙuri a gaban jama'a

Injiniya Alaba:
Ba zan bayar ba DJ, shekara biyar tana aiki da wayar Yaya a ciki sai da ta haɗu da mai 3 da tartsatsi. An dai canja shi ma ko?

Ɗan Agege:
An canja Oga, duka biyun. Tsohon yana aljihuna a leda.

Ladanin Unguwa:
Kar ka tura masa hoton nan, yayanka ne.

Ɗan Agege:
Ba zan tura ba Malam. Ajiye shi zan yi sai ranar da ya sake tayar da maganar kaset.